Hoton Ƙirjin Inna da Ma'ajiya Ta Share

Edita, salamu alaikum. Lokacin da wannan abu ya same ni ina budurwa, 'yar Wurno, ban daɗe da gama karatun kwamfuta a Sakkwato ba. Na samu aiki a wani ƙaramin asibitin kuɗi a Goronyo, ina kula da hotunan ƙirji da na ƙashi da ake ɗauka. Kwamfutar asibitin ba ta da wurin tara su, don haka kowane hoto yakan hau wata ma'ajiya ta intanet da muke haya, sannan a share shi daga na'urar ɗauka. Ina son aikin, ina kuma ganin na gane shi ciki da bai.

Wani injiniya ɗan Rabah ne ya tsara ma'ajiyar kafin zuwana, kuma shi kaɗai ke da ikon taɓa dokokinta. Hawa biyu gare ta. Sabon hoto yana zama kusa, kana dannawa ya buɗe. In ya daɗe ba a neme shi ba, sai ya sauka hawan ƙasa inda haya ta fi sauƙi, amma in ka buƙace shi sai ka jira yini ko fiye. Haka kuma, in aka ɗora sabon fayil da sunan wani tsoho, tsohon yakan koma ƙarƙashin sabon ya ɓuya. Sai dai an yanka masa wa'adi. Ranar da ya cika, ma'ajiyar da kanta za ta share shi ba ta tambayi kowa ba. Na san da wannan doka, amma ban taɓa ganin ta cuci wani ba.

Da damina ta wuce, Inna, mahaifiyata, ta kama tari mai naci, ta rame, har wata safiya na ga jini a gefen mayafinta. Muka kai ta Sakkwato. Likita ya ɗauki hoto ya ga wani duhu a huhunta na dama. Ya tambaya ko an taɓa yi mata hoto a baya, na ce an yi, a wurin aikina, shekarun baya da ta faɗi ta bugu a haƙarƙari. Ya ce in kawo shi. In duhun yana nan tun lokacin kuma bai ƙaru ba, tsohon tabo ne, magani kawai za a ba ta. In kuwa sabo ne, dole a soka allura cikin huhun a ciro a duba. Na koma gida na buɗe adakar Inna, na tarar da hoton da aka ba ta a hannu ya manne da takardarsa tun shekarar da ɗakin ya yi yoyo. Ban damu ba, na ce ai muna da shi a ma'ajiya.

Washegari na buɗe fayil mai sunanta na tura wa likita. Bai jima ba ya kira, muryarsa ta yi sanyi, ya ce tsohon hoton fes yake, ke nan duhun sabo ne, kuma yana saurin girma. Na zauna ina kallon hoton ina kuka. A cikin kukan ne idona ya kai kan rubutun da ke gefensa, na ga shekarun mai hoton ba su kai rabin na Inna ba. Ashe wata mata ce daga Dinawa, sunansu ɗaya, sunan ubansu ɗaya, kuma mu da suna muke ajiye fayil. Nata ya hau kan na Inna. Na leƙa ƙarƙashi, na ga na Inna yana nan, amma a hawan ƙasa, kuma wa'adinsa a ranar yake cika.

Nan take na nemi a fito da shi, ma'ajiyar ta ce in jira. Dokar sharewa kuwa ba ruwanta da jirana. Na gwada tsayar da ita, aka ce ba ni da izini. Na kira injiniya har na gaji, waya a kashe. Matarsa ta shaida min ya tafi zaman makokin yayansa a wani ƙauye gaba da Rabah. Na kira kawuna, ƙanen Inna, ya bar cirar albasa ya ɗauko babur. Muka kama hanya da rana tsaka, ina rungume da kwamfuta, ina ta roƙonsa ya ƙara wuta, shi kuma yana cewa in yi ta salati.

Bayan la'asar muka isa. Maza sun cika ƙofar gida a kan tabarmi, ba dama in kutsa, sai kawu ya shiga ya yi ta'aziyya ya raɗa wa injiniya. Bawan Allah ya fito idonsa jawur, ya saurare ni, ya karɓi kwamfutar. Amma babu sabis a ƙauyen. Muka hau wani tudu bayan gari, shafin ya fara buɗewa ya tsaya. Muka dawo cikin Rabah, nan ma sabis ya ɗauke tun azahar. Na roƙi kawu mu wuce Sakkwato, ya ce rana ta kusa faɗuwa, ba zai bi wannan hanya da ɗiyar yayarsa ba ko mi zai faru. Na durƙusa a gabansa cikin mutane, ya kau da kai yana share ido. Muka kwana gidan wata gwaggonmu.

Da hantsi sabis ya dawo. Injiniya ya shiga ma'ajiyar ya tsayar da dokar, sannan ya buɗe fayil ɗin. Hoton matar Dinawa ne kaɗai, ƙarƙashinsa babu komai. Ya rubuta wa masu ma'ajiyar, suka amsa da cewa abin da dokarmu ta share ba ya dawowa.

Na gaya wa likita cewa hoton da na tura ba na Inna ba ne, nata kuma ya tafi. Ya ce ba zai yi caca da ranta ba, aka yi sokar. Iska ta shiga ƙirjinta, huhun ya lotsa, aka sa mata roba a haƙarƙari, ta yi makonni a kwance tana nishi. Da sakamako ya fito, tsohon tabo ne na wani ciwo da ta yi tun tana yarinya. Tarin kuwa ƙwayoyi ne suka warkar da shi. Inna ta tashi, alhamdu lillahi, amma numfashinta bai koma daidai ba. Yau a zaune take salla.

Ranar da na yi mata bayanin komai, sai ta ce, “To ita mai sunan nawa, mi yas same ta? Ta samu lafiya?” Na ce hotonta fes yake. Ta ce, “Madalla. Ki bar kuka hakanan, ɗiyata.”

Mun gyara tsarin daga baya. Lamba muke ba kowane majinyaci, ba a share tsohon hoto, mutum biyu ke riƙe da izini, kuma lokaci-lokaci nakan nemo wani hoto daga hawan ƙasa don in tabbatar yana fitowa. Abin da na koya shi ne, na'ura ba ta san uwar kowa ba, abin da aka ce ta yi shi take yi. Ina roƙon duk mai riƙe da ajiyar mutane, a asibiti ko makaranta ko ofis, ya je ya karanta dokokin ma'ajiyarsa yau, ya san mi ke sauka ƙasa, mi ke gogewa, yaushe, kuma wa zai iya tsayar da shi in mai izini ba ya kusa. Ku kuma da ake ba hoto a hannu, ku adana shi inda ruwa ba ya kai. Kada ku jira sai ranar da likita ya ce a kawo.