Zartunan Malam Boubacar

A unguwar Tremont ta birnin New York an san Malam Boubacar da teburin huluna da safar hannu da yake kafawa a bakin titi. Kaɗan ne suka san cewa kafinta ne. Shekara goma sha tara ya yi yana ƙera ƙofofi da gadaje a Maradi kafin ya zo New York, inda ya tarar babu mai ba shi aiki sai da takardar shaida, shi kuwa ba shi da ita.

Idan zafi ya shigo, duk Asabar yakan bar wa matarsa Zalika tebur, ya hau jirgin ƙasa zuwa unguwannin masu gidan kansu, inda ake baje tsofaffin kaya a ƙofar gida ana gwanjo. Ba ya kallon tufafi ko kwanuka. Kwalayen ƙarƙashin tebur yake durƙusawa ya tona, ko zai dace da zarto, ko guduma, ko magagari da tsatsa ta cinye.

Wata rana a Queens ya tarar da wata tsohuwar Baturiya ta fito da akwatin aikin mijinta da ya rasu. Ta ga yadda ya ɗaga zarto ya kanne ido ɗaya yana duban haƙoransa.

"Kai kafinta ne?" ta tambaye shi.

"A da," in ji shi.

Ta rufe akwatin ta tura masa, ta ce ya tafi da shi duka. Ranar da ƙyar ya hau matakalar gidansu da ke unguwar Highbridge.

Yakan jiƙa ƙarafan, ya kankare, ya wasa, ya shafa musu mai, ya naɗe kowanne a tsumma. Zalika ta yi mita har ta gaji, don ƙarƙashin gado ya cika. Shi dai amsarsa ɗaya ce: idan ya koma gida zai buɗe shago tare da ƙanensa Abdoulaye.

Shekara biyu da suka wuce ya faɗi a bakin teburinsa. Ya tashi a asibiti hannun dama ya shanye. Da aka sallamo shi, ya sa 'yarsa Nuriyya ta jawo masa akwatin. Ya ɗauki guduma da hagu, ya juya ta, ya ajiye.

"A aika wa Abdoulaye," ya ce, harshensa na sarƙewa.

Ganga biyu aka cika da kayan aikin, aka aika Maradi. Bayan wata huɗu Abdoulaye ya kira ta bidiyo, ya nuna gangunan a tsakar gida.

"Yaya, kaya sun iso, mun gode. Sai dai yanzu da inji muke aiki, ba mai yanka da hannu. Amma zan adana maka su."

Malam Boubacar ya daɗe yana kallon wayar.

"Kada ka bari damina ta taɓa su," ya ce, ya miƙa wa Nuriyya wayar.

Daga nan ya rage magana. Abinci ma sai Zalika ta zauna a gabansa tana lallashi. Ya rasu cikin watan Maris, aka binne shi a New Jersey.

Wajen zaman makoki liman ya ce ma'ajiyar takalman da ke ƙofar masallaci Malam Boubacar ne ya ƙera ta, shi kaɗai, da katakon da ya tsinto a titi. Mutane suka dubi juna. Nuriyya ma ba ta sani ba. Da aka watse ta je ta tsaya a gaban ma'ajiyar, ta daɗe tana kuka, mata biyu suka zo suka riƙe ta.