Ƙofar Baba Ba Ta Buɗe Ba

Yayana tun yana yaro ba ya ganin abu mai waya a cikinsa ya ƙyale. Rediyon Baba ya sha kwancewa a hannunsa, kuma duk sanda ya mayar da shi sai an tsinci ragowar kusoshi a kan tabarma. Ya girma, ya zama malamin sakandare a Kankia, halin bai bar shi ba. A gidansa fitilu ke kunna kansu, fanka kuwa sai an yi mata Turanci take juyawa. Matarsa ta yi mita har ta gaji, ta sayi tocila ta ajiye kusa da gado.

Ni ce auta, ina aure a Kusada, ina koyarwa a firamare. Baba yana Mawashi inda aka haife mu. Tun da Inna ta rasu yake zaune shi kaɗai a sashensa, mai ƙofa ta kansa da ke kallon masallaci. Iyalin ƙanensa na ɗaya ɓangaren, danga ta raba su, sai 'yar kafa ta wajen turken awaki inda ake ratsowa da kwanon abinci. Wata safiya jiri ya kayar da shi yana shirin fita sallar asuba. An kwana ana ruwa, mutanen masallaci suka ɗauka a ɗaki ya yi sallarsa. Sai da hantsi ya dubi ludayi aka kawo masa koko aka tarar da shi a ƙasa. Ya warware, alhamdu lillahi, amma mu hankalinmu bai dawo jikinmu ba.

Na ce a samu wanda zai riƙa kwana da shi. Baba ya ce shi ba jinjiri ba ne. Yaya ya ce a bar masa, yana da dabara.

Dabarar ita ce wata 'yar akwati, uwar sauran na'urori, wadda ƙofa da fitila da fanka za su riƙa kai mata rahoto, ita kuma ta ba su umarni. Zaɓenta ya ci mana rani guda. Na ce ya ci mana, don ni ce abokiyar shawarar dole. Ina tsaka da tuƙa tuwo hotuna za su shigo wayata, kira ya biyo baya.

"Auta, kin ga wagga? Magana ake yi mata ta amsa."

"Da wane yare, Yaya?"

Ashe ita Turanci kawai take ji, kuma ba ta motsi sai da intanet, alhali a gidan Baba sai ka tsaya gindin rumbu kafin sabis ya kama. Aka bar ta. Ya kawo wata mai araha, na ce to a saya mu huta. Ya ce araha ba ta ado, wannan ba ta yarda da kwan fitilar kowa sai na kamfaninta, ranar da suka daina kawowa shi ke nan. Akwai wadda ta kwanta masa a rai har yana mafarkinta, amma albashin malami bai isa ya gaishe ta ba, ga ta da cin wuta, 'yar solar Baba kuwa da ƙyar take kai fitila biyu. Ni ban san hawa ba ban san sauka ba, "to" kawai nake cewa, tuwona na kamawa.

A ƙarshe ya tsaya kan wata mai aiki ko babu intanet, mai cin wuta kaɗan, wadda ake sa mata layin waya ta riƙa turo saƙo. Sai da ya sayar da wakensa na gonar Dudunni tun bai yi daraja ba kafin kuɗin suka kai. Ban ga laifin zaɓinsa ba, har yau. Ya yi tunanin rana da ƙarancin sabis da aljihunsa, bai bar komai ba sai abu ɗaya.

Yaya shi ne ɗan fari, Baba kuma mutumin da ne, mai alkunya. Ban taɓa jin sunan Yaya a bakinsa ba, sai dai "mutumin Kankia". Da can Yaya na kiransa kowace safiya ya gaishe shi, amsar ba ta wuce "Lahiya lau. To. To," ya kashe. Ran Asabar in ya zo, Baba ko kallon kirki ba ya yi masa. Yaya ya ɗauka damunsa yake yi. Ni da nake yawan zuwa na san Baba ba ya kwanciya sai ya tabbatar wayarsa ta cika da caji, na kuma san tun ran Juma'a yake sa a kama zabo.

Ranar da aka kafa na'urar, Yaya ya liƙa wani ɗan abu kamar akwatin ashana a jikin ƙofar, ya yi wa Baba bayani yana ta murna.

"Baba, da ka buɗe ƙofa za ka masallaci, wayata za ta faɗa mani kana lahiya. In ba ka buɗe ba, nan ma za ta faɗa mani. Ka ga ba sai na riƙa damunka da kira ba."

Baba ya dubi abin, ya dubi ƙasa. Ya ce, "To, madalla. Allah shi yi albarka."

Daga nan na zama 'yar aiken na'ura. Yau wani ya zare ta ya sa cajin waya, gobe ɓera ya ci wayarta, jibi kuɗin layin sun ƙare. Kusada ta fi kusa, don haka ni ake kira. In tashi daga makaranta da alli a hannu, in hau acaba, in je in kashe in kunna. Na gaji, wallahi na gaji, irin gajiyar da ba ka da wanda za ka kai wa ƙara, tunda kowa alheri ya nufa.

Kiran safe ya ja baya, zuwan Asabar ya koma sai an samu sarari. Baba ba zai tambaya ba. Iyakarsa ya ce mani, "Mutanen Kankia, ana dai samun ruwa wajensu?" Na gaya wa Yaya zumunta a ƙafa take. Ya nuna mani fuskar wayarsa, saƙonni jere reras, ya ce ai kullum yana ganin Baba.

Wata Laraba da damina, ina ɗaura wa ƙaramina takalmi, kiran Yaya ya shigo.

"Auta, ƙofa ba ta buɗe ba. Na kira wayarshi, a kashe. Don Allah yi maza, ina da jarrabawa yanzun ga, ba ni iya fita."

Ban san yadda na kai bakin hanya ba. Ɗan acaɓan na kaucewa taɓo, ni ina ta salati, ina ganin Baba kwance a ƙasa kamar wancan karon. Na iske ƙofar a kulle ta ciki. Na zagaya ta sashen ƙanensa da gudu, na ratsa ta kafar turken awaki.

Yana zaune a kan buzunsa, tas da shi, cikin farar rigarsa ta Juma'a da hula. Gefen rigar duk taɓon turke ne. Ta nan ya bi ya je masallaci, ta nan ya dawo, tsoho mai ciwon gwiwa, don kada ƙofar ta ba da labari. Ya ɗaga kai ya gan ni, sai idonsa ya wuce ni zuwa bayana, ya daɗe a can.

"Ke ɗai ce?"

Na ce, "Ni ɗai ce, Baba."

Ya ce, "To. Sannu da hanya."

Abin ya yi mani ciwo, ba zan ɓoye ba. Ga zanena jage-jage da taɓo, kuma ba ni ake jira ba. Amma da na ga yadda ya cire hular ya ajiye a gefe, sai tausayinsa ya danne haushin. Ba zai iya buɗe baki ya ce yana son ganin ɗansa ba, ko da za a kwana ana tambayarsa.

Na tashi na je jikin ƙofar, na ɓalle murfin ɗan abin nan da farce, na zaro batirinsa, ɗan mitsitsi kamar maɓallin riga. Baba na kallona, bai hana ni ba. Na je gindin rumbu na kira Yaya.

"Baba lahiya lau. Na'urarka ce ta lalace, kuma wannan ya fi ƙarfina. Sai ka taho da kanka."

Ran Asabar da hantsi sai ga shi da jakar kayan aikinsa. An yanka zabo. Ya hau kujera yana ta binciken uwar akwatin, Baba ya tashi ya riƙe masa ƙafar kujerar, wai don kada ta goce, kansa a sunkuye, har aka kira azahar. Suna masallaci na lallaɓa na mayar da batirin.

Tun daga lokacin na'urar ba ta cika lafiya ba. Takan yi 'yan makonni tana aiki, sai kuma ta ɗauke, galibi ranar da na kai wa Baba ziyara. Yaya ya ce ya yi zaɓen tumun dare, ya fara neman wata. Hotuna sun dawo shigowa wayata ina tsaka da girki. Jiya ma ya kira.

"Auta, tsakanin wagga da waccan, wace kika gani?"

Na sauke muciya, na share gumi. Na ce, "Duk wadda ka ga dama, Yaya. Ka dai zaɓi mai batir."