Jan Layin Ƙarfe Takwas

Assalamu alaikum. Wata bakwai ke nan ban ce uffan a nan ba. Masu tambaya ko na daina karatun littattafai ne, ban daina ba. Tarin fuka na yi.

Da tari ya fara, sai zazzaɓin yamma, sai zani ya daina zama a ƙuguna. Aka yi gwajin kaki da hoton ƙirji a Jimeta. Likita ya ce, "Ana warkewa, maganin ma kyauta ne. Amma wata biyun farko, kullum da safe za ki zo ki haɗiye shi a gabanmu."

Mu kuwa a Sangere muke. Dangina suna nesa, maƙwabta suka ɗauke ƙafa. Kofina daban, kwanona daban.

A littattafan da nake karantawa, miji yana bakin gado riƙe da hannun matarsa. Nawa mijin, Hamma Bello, ma'aikacin gwamnati ne a Yola. A ofishinsu akwai littafin sa hannu, ƙarfe takwas daidai ake zana jan layi ƙarƙashin sunan ƙarshe. Wai tun zamanin Jihar Arewa maso Gabas haka ake yi. Wanda ya faɗa ƙasan layi sau uku, sai takardar tuhuma.

Ɗakin shan maganin ma takwas ake buɗewa.

Ni kaɗai nake hawa keke napep in tsallaka gada zuwa Jimeta, jiri na ɗibata. Wata rana na yanke jiki a ƙofar asibiti, mai ƙosai ce ta ɗaga ni. Tsoro ya kama ni, na yi kwana huɗu ban je ba, ban kuma gaya wa Hamma ba. In ya fita, sai ni da bango.

Ma'aikaciyar jinya ta kira wayarsa, ta ce ya kawo ni. A gabansa ta ce min, "Amarya, in kika ci gaba da tsallakewa, ciwon zai daina jin magani. Daga nan kuma fa?"

Washegari Hamma ya kai ni da kansa, ya faɗa ƙasan layi. Kwana uku a jere. Shugabarsu, wata Hajiya, ta kira shi, takardar tana gabanta. Ya faɗa mata gaskiya.

Ta ce, "Kai Bello, shi ne ka yi shiru? Fayil ne fa, ba nono ba ne da zai yi tsami kafin azahar. Ka zo sha ɗaya, ka tashi shida."

Ban ƙara tsallake ko rana ɗaya ba. Makon jiya gwaji ya nuna babu komai. Alhamdulillahi. Hajiya, ban taɓa ganin fuskarki ba, Allah ya saka miki da alheri.

Tari in ya wuce mako biyu, ku je a gwada. Kada ku tsallake magani, kada ku ɓoye kamar ni. Ma'aikata, ku buɗe baki ku nemi a sauya muku lokaci. Shugabanni, ku tambayi dalili kafin ku ja layi.

Har yau Hamma bai riƙe hannuna a asibiti ba, kunya yake ji. Gorar ruwa yake riƙe min a kan benci har in haɗiye. Ta ishe ni.