Dattijo da Ƙunshin Namansa

Magatakardan asibiti yana satar kallon wani dattijo mai ƙatuwar hula da ke zaune bakin ɗakin gwaji, dattijon sai murmushi yake kamar ango. An ɗebi jininsa don auna sinadarin da ke narkar da kitse a hanji. Da alama likita ya daɗe da hana shi maiƙo. Ga ƙunshin soyayyen nama a cinyarsa, mai ya jiƙa takardar. Yakan sunsuna, ya lumshe ido, ya ajiye.

Ma'aikaciyar gwaji ta leƙo. "Baba, sakamako ya yi kyau, amma bari likita ya gani tukuna."

"'Yata, ce masa ya hanzarto in yana son rabonsa," in ji dattijon, yana kwance ƙunshin.