Hindu Mai Gyaran Madafi

Hindu ba 'yar Kaura Namoda ba ce. Aure ne ya kawo ta daga Gurbin Bore, can ƙasar Zurmi, inda uwarta Balaraba ta yi suna wajen ginin tukwane. Mijinta Mainasara lebura ne a tashar jirgin ƙasa, tun zamanin da jirgi ke zuwa Kaura ya kwashi gyaɗa da auduga da fatu ya juya kudu. Gidansu na bayan tashar, ɗakuna biyu na ƙasa da wani ɗan madafi a kusurwa, wanda uwar Mainasara ta yi girki a cikinsa har Allah ya karɓi abinsa.

Madafin nan ya ga duniya. Kunkunniya ta maida bangonsa baƙi ƙirin, tana reto a jikin azara kamar gemun bunsuru. Ba taga, ba ƙyaure. Murhun duwatsu uku ne masu cin itace kamar wutar daji, hayaƙi kuwa ba shi da hanyar fita sai ta idon mai girki. Hindu ta yi shekaru tana tuƙa tuwo tana hawaye ba tare da kowa ya ɓata mata rai ba.

Shekarar da aka yanke Zamfara daga Sakkwato, jirgi ya riga ya fara wuya, sai a daɗe ba a ji kukansa ba. Amma gari ya cika da murna da buri. Kowa na cewa Gusau ta zama babban birni, za a ɗebi masinjoji da masu gadi. Mainasara ya sa rai ƙwarai. Duk sa'ad da ya ga Hindu ta fito tana murza ido, sai ya ce, "Ki bar shi, Hindu. Da na samu aikin ga, rushe shi za mu yi. Bulo da siminti, kwano bisa."

"Allah shi sa, Malam," ita ce amsarta kullum.

Damina ta zo ta wuce, wata ta sake zuwa. Ana nan sai kawunta Sodangi ya biyo daga Gurbin Bore zai wuce kasuwa, ya yada zango gidan. Hindu ta yi masa tuwon gero da miyar kuka, ta zuba man shanu. Ashe wani curin kunkunniya ya faɗo cikin tukunyar ba ta gani ba. Tsohon ya tsame shi da yatsa, ya ajiye a bakin akushi, ya cinye tuwonsa tas. Da zai tafi ya leƙa madafin, ya dubi sama, ya dubi ƙasa.

"Ɗiyar Balaraba," ya ce, "ƙasa ta ƙare a Kaura ne?"

Ya saɓa jakarsa ya kama hanya. Maganar ta zauna wa Hindu a ƙirji.

Bayan kaka Mainasara ya sake tafiya Gusau bin aikin, ya ce zai ɗan kwana biyu. Yana fita Hindu ta ɗaura zani a ƙugu. Ta fitar da tukwane da ƙore tsakar gida, ta ɗaure tsintsiya a kan gora ta kakkaɓe azara, ta kankare bango da guntun fartanya har jar ƙasar asali ta bayyana. Ta sa mai jaki ya kawo mata yumɓu daga bakin gulbi, ta cuɗa shi da ƙaiƙayi da kashin jaki ta bar shi ya kwana ya ruɓa. Da shi ta lilliƙe tsagogin bango, da shi kuma ta gina murhu mai baki biyu, na tuwo da na miya, ƙofar itace ɗaya, yadda ta ga uwarta na yi. Sama da murhun ta huda bango, ta cusa wuyan wani fasasshen tulu, hayaƙi ya sami hanya.

Ƙasan ne ya fi ƙarfinta ita kaɗai, sai ta yi gayya. Matan maƙwabta suka zo da madaɓai, aka baza tsakuwa da jar ƙasa, ana yayyafa ruwan makuba, wato jiƙon ɓawon ɗorawa, ana bugu ana waƙa har daɓen ya yi sulɓi yana ƙyalli. Ta shafe bango da farar ƙasa daga ƙugu zuwa sama. Ta tufka ragaya ta rataye ƙoren nono, ta kafa turaku ta jera ludaya da muciya, ta yi wa randa gurbi a inuwa.

Mainasara ya dawo da la'asar, fuska ba walwala, don aikin bai samu ba. Ya tsaya bakin madafin ya ƙare masa kallo.

"Wa ya ce ki taɓa shi?"

"Ba kowa, Malam."

"Kin yanke ƙauna gare ni ke nan. Kin nuna ma unguwa ban iyawa."

Hindu ta sunkuyar da kai. Ba ta zaci nan abin zai taɓa shi ba. "Ban rushe komi ba," ta ce a hankali. "Bangon Inna na nan, azararta na nan. Wanka kawai na yi mashi. Ranar da bulo ya zo, ni ce zan fara fidda tukwane."

Ya juya ya nufi zaure. Kwanaki yana cin tuwo a zaure, gaisuwa kawai ke haɗa su. Sai wata safiya ta ji ƙwanƙwasa a tsakar gida. Ta leƙo ta tarar ya samo tsofaffin garewanin kananzir ya buɗe su ya daddale, yana buga su a kan katako. Kafin azahar madafi ya yi ƙyaure. Ya buɗe ya rufe, ya sake buɗewa, ya ce, "Ko kaji sun bar maki daɓen." Daga ranar bai sake zancen Gusau ba. Ya karɓi gonar gado a Kurya Madaro ya koma noma.

Matan da suka yi gayya su suka yaɗa labari. Wannan ta ce a zo a duba mata murhu, waccan ta ce hayaƙi zai kashe ta. Lokacin da aka ƙaddamar da Shari'a, gidaje da yawa suka ƙara tsare shigar maza, kuma magini namiji in zai shiga sai matan gida sun ƙule a ɗaka. Hindu kuwa da sallama kawai take wucewa har ƙurya. Ta kan yafa mayafi ta shiga motar da aka ware wa mata, ranar kasuwa ta sauka Shinkafi, wata rana Zurmi. Mai hali ya ba ta turmin zane, wani damin gero, matan rugage su ba ta man shanu. Ba ta fara aiki sai ta zauna ta ga matar gida ta yi girki tukuna, ta ga inda take miƙa hannu da yadda take durƙusawa.

Aikin da ta fi yawan tunawa na wata tsohuwa ce a Zurmi, Lubabatu, wadda idonta ya tafi amma ta ƙi barin girki. 'Ya'yanta sun so rushe madafin su yi mata sabo, ta ce sai dai bayan ranta, don hannunta ya san mazaunin komai. Hindu ta kama hannun tsohuwar ta ce, "Inna, nuna mani." Suka zagaya tare, nan gishiri, nan daddawa, nan ashana. Ta yi shafe da daɓe da sabon murhu, ta maida kowane abu inda ta same shi. Lubabatu ta shiga tana lalube, ta kai hannu ta ɗauko gishirinta, ta shafa bango ta ji santsi.

"Ɗakina ne," ta ce. "Sai dai ya yi ƙuruciya."

Mainasara ya rasu, hanyoyin Zurmi da Shinkafi suka lalace da 'yan bindiga, gwiwoyin Hindu ma suka gaji. Ta daina fita. Wata rana wata mata ta yi sallama, ta ce daga wani ƙauyen Zurmi suka gudo, sun sami ɗaki a bayan tasha amma a fili take girki, iska na kwashe mata wuta. Hindu ta ɗauki sandarta ta bi ta. Aka ajiye mata kujera a gindin katanga, ta dunƙula ƙasar wurin ta murza ta ji.

"Za ta yi," ta ce. "Naɗe hannun rigarki, ɗiyata. Ni zan faɗa, ke ki gina."