Baƙon da Ya San Sirrin Famfo

Ko zan manta da komai na ƙuruciyata a Zuru, ban da safiyar da mahaifina ya kai ni bakin famfo.

Soja ne. Ina goye aka tura shi aiki nesa, bai dawo ya zauna ba sai da na isa shiga firamare. A wurina baƙo ne kawai mai manyan takalma. Da ya miƙo hannu sai in ɓuya a bayan Mama. Ta yi faɗa, ta yi lallashi, na ƙi kiransa Baba. Sai yanzu da na haifi nawa na san yadda abin ya riƙa cin ransa.

Lokacin an haƙa mana burtsatse a unguwa, ni kuma na dami kowa da tambayar yadda ruwa yake hawowa daga ƙasa. Mama ta ce, "Ai aikin famfo ke nan." Kawuna, wanda nake ganin ya fi kowa sani, ya ce wani ƙato ne a ciki yake turo shi. Na ce, "To me yake ci?" Ya yi dariya ya hau babur ɗinsa. Daga ranar na rage yarda da shi.

Rannan mahaifina ya ji ina maimaita tambayar. Ya karyo karan ganyen gwanda, mai rami a ciki, ya ce mu je. Na bi shi nesa-nesa. Ya buga ruwa a bokiti, ya tsoma karan.

"Zuƙa," in ji shi.

Na zuƙa, ruwa ya hau bakina da ɗan ɗacinsa.

"Toshe saman da yatsa ki ɗaga."

Ruwan ya tsaya. Na cire yatsa, ya zube. Ya ce a cikin famfon akwai roba mai yin aikin bakina, da wata mai hana ruwan komawa.

Na ce, "Wa ya zuba ruwan a ƙasa?"

"Ruwan sama ne yake nutsewa. Yadda yake taruwa kuwa ban sani ba sosai, sai mun tambaya."

A hanyar gida na kama hannunsa na ce, "Baba, rediyo fa, yaya yake magana?" Ya tsaya cak, sannan ya saɓa ni a kafaɗa.

Ya rasu da daɗewa. Abin da na koya shi ne, yaro yana auna manya a ransa. Wanda ya tsaya ya nuna masa yadda abu yake aiki, ya kuma faɗi inda saninsa ya ƙare, shi yake ba wa amanarsa.