Buzun Mahaifina

Ni ne ɗan fari, don haka mahaifina bai taɓa kiran sunana ba. Haka ake yi a gidanmu a Kudan: uba yana jin kunyar ɗansa na fari, ba ya zama da shi, ba ya yi masa magana sai ta bakin wani. Ni dai "wancan" ne.

Malami ne, kakana ma haka, kuma kowa ya san buzun da yake zama a kai yana ba da karatu ni yake jira. Ba a daɗe da samun mulkin kai ba sai aka ba ni aikin malamin gona a Ikara. Na aiki baffana wajen mahaifina ya tambayo mini: in tafi ko in zauna? Wallahi da ya ce in zauna da na zauna, in yi ta gunaguni hankalina kwance.

Baffa ya dawo ya ce, "Ya ce kai ka sani."

Raina ya ɓaci ƙwarai. Ko akuyar gidan ana kula da inda ta nufa. Na ɗaure kayana, na bi motar rake ta Makarfi.

Mutanen Ikara sun iya gaisuwa, ba laifi, amma da an gama ta kowa ya kama gabansa. In wuni a kan keke ina zaga gonakin gyaɗa, in dawo ɗakin haya in ci tuwon kasuwa ni kaɗai. Abin da ya fi ci mini rai, babu wanda zan ɗora wa laifi, ni na kawo kaina. Sai da na manyanta na karanta a littattafan masu nazarin halin ɗan Adam cewa duk wanda aka bar wa zaɓi, da kaɗaici ake haɗa masa. A lokacin kam na ɗauka ba a so na ne.

Da mahaifina ya kwanta ciwo, ciwon ya yi tsanani, na je gida. Na durƙusa a bakin ƙofa, na yi abin da ba a yi, na ce, "Baba, tafiyar nan da na yi, daidai ce?"

Bai dube ni ba. Ya juya wajen baffa, ya ce, "Gaya wa wancan, ranar da aka zaunar da ni a kan buzun nan ba wanda ya tambaye ni. Ni fatauci na so yi."

Baffa ya juyo zai maimaita mini. Na ce ya bari, na ji.